Waƙar da Na Ciro Daga Ƙunshin Nama

Shagon ɗinkina yana Nasarawa Gwom ne, a shekarun da wayar salula ta fara shigowa Jos, lokacin da mai layi ɗaya a unguwa ake kallonsa kamar ɗan majalisa. Keke biyu gare ni, na ƙafa da na wuta, kuma na wutar ya fi zama abin ado don wutar ba ta zama. Ban da ɗinki ina da wani ciwo da ban cika faɗa wa mutane ba, wato rubuta waƙa. A bayan littafin awo nake yi, in ka buɗe ta gaba ka ga kafaɗa da tsawon hannu, in ka juya ta baya ka ga baitoci. Muryata ba ta a zo a gani ba ce, ban iya kaɗa komai ba, amma ina da kunne, ina kuma da taurin kai wanda ya ishi mutum uku.

Wando ne ya haɗa ni da mai jita. Ɗan Tudun Wada ne, Kirista, yana kaɗa jita a cocinsu ran Lahadi, sauran ranaku kuma a wani otal. Ya kawo wando in rage masa ƙafa, yana zaune yana jira sai ya jawo littafin awon ya juya shi ta baya, ko izini bai nema ba. Na ɗago zan yi masa faɗa, sai na ga leɓensa na motsi yana karantawa.

"Oga tela, wa ya rubuta wannan?"

"Mai shagon," na ce masa.

"Kai! Wannan waƙa ne fa. Yana da kiɗa?"

Na ce ba ta da shi. Ya ce ran Asabar zai zo da jita. Na ɗauka surutu ne irin na mai jiran ɗinki, sai ga shi ran Asabar da azahar ya sauko daga acaɓa da jitar a bayansa. Daga nan ya mayar da shagona wurin zuwansa duk mako har kusan shekara biyu. Waɗannan shekaru kuwa ba na yawo ba ne a Jos. Bayan tashin hankalin da aka yi, kowa ya san unguwar da zai shiga da wadda zai kauce wa, shi kuma yana ratso gari da ƙaton akwatin jita ya zo ya zauna a kan bencina. Maƙwabta suka yi ta kallo har suka gaji, daga baya mai shayin layinmu ya fara aiko masa da kofi ba a tambaye shi ba.

A lokacin duk gari fiyano ake yi da waƙoƙin soyayya irin na fim. Shi kuwa kaset-kaset na tsofaffin waƙoƙin Turawa yake zuwa da su, irin masu jitar nan da ke kururuwa. Da farko na ce masa wannan ai kamar ana yanka kwano ne da zarto. Ya yi dariya ya ce in saurara da kyau. Wata rana ya saka wata tsohuwar waƙa da ya ce duk duniya an san ta, ya ce mai ita bai je ko'ina neman abin faɗa ba. Jarida ya buɗe da safe, ya karanta labaran da ke ciki, ya ɗauki biro ya mayar da su baitoci.

"Shi ke nan?" na ce. "Jarida kawai?"

"Jarida kawai, oga. Kai kuma kullum furanni da tauraro. Wa ya taɓa ganin ka da fure?"

Maganar ta yi mini zafi don gaskiya ce. Na yi kwanaki tana cina.

Kawuna mahauci ne a Abattoir, mayankar garin, kuma duk Juma'a da safe nakan je wurinsa in karɓo wa Inna nama. Yana da wata al'ada. Tsofaffin jaridu yake saye ɗauri guda, ya shimfiɗa su a kan teburi, ya sa wuƙar aikinsa ya raba su gida huɗu, ya danne da dutse. Duk wanda ya sayi nama sai ya zaro ɗaya ko biyu ya naɗe masa. Kawu bai yi boko ba, a wurinsa jarida ba ta da bambanci da ganyen ayaba. Wata Juma'a ina kwance ƙunshin a tsakar gida, idona ya faɗa kan rubutun, duk da jini da maiƙo sun ɓata gefensa.

Labarin wani makiyayi ne a wani ƙauye kusa da Jos, amma sunan ƙauyen ya tafi da ɓangaren sama. Saniyarsa ta zame ta faɗa cikin ɗaya daga kududdufan nan da masu haƙar kuza suka bari. Ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya ba mutanen da suka taru bakinta, ya shiga. Ya nutse, ruwa ya kwanta, matarsa na tsaye a bakin gaɓa. Da shirun ya yi yawa sai mutanen suka fara jan igiyar. A daidai nan wuƙar Kawu ta bi ta kan maganar. Babu kwanan wata, babu sunan jaridar, a bayanta kuma rabin hoton 'yan ƙwallo ne ba kawuna.

Na shanya takardar a kan katanga na danne da dutse, Inna na tambayata ko na fara taɓuwa ne. Kafin wayewar gari na rubuta baiti uku. Ban taɓa rubuta abin da ya fito da sauƙi haka ba, ban kuma ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da takardar ta ce ba. Na farko ya fara da cewa:

Ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya miƙo mana bakinta,
Ruwan kuza ba shi da ƙasa, kowa ya san halinsa.

Ran Asabar na karanta wa mai jita. Ya sunkuyar da kai ya fara taɓa igiyoyin jitarsa a hankali, kiɗan na hawa kaɗan-kaɗan kamar mutum na jan abu mai nauyi. Wani da ya zo karɓar kaftani ya tsaya a bakin ƙofa har muka kai ƙarshen baiti na uku, sannan ya ce, "To, sai me ya faru?"

Mai jita ya nuna shi da haɓa ya ce mini, "Ka ji ko? Saura baiti na huɗu."

A ranar kuma ya gaya mini cewa yayansa ya samo masa gurbi a wata ƙungiyar makaɗa a Legas, ƙarshen wata zai tafi. Ya riga ya yi magana da wani mai situdiyo, an ba mu Larabar ƙarshe. Yana so mu ɗauki waƙar nan kafin ya tafi, ita ce za ta zama abin da muka yi tare. Mako uku ke nan gare ni in rubuta baiti ɗaya.

Sai na ce masa ba zan iya ba sai na san ƙarshen labarin.

"Wane ƙarshe kuma? Ka kashe shi kawai mu gama. Waƙa ya fi daɗi in mutum ya mutu."

"In kuma yana raye fa? Ƙauyen nan kusa yake. A sa waƙar a rediyo, mutum na zaune da iyalinsa ya ji ana yi masa makoki? Ni ba zan yi wa bawan Allah mugun baki ba."

"To ka fito da shi da rai."

"In kuma ya rasu, matarsa ta ji ina cewa ya fito yana dariya? Da wane ido zan kalle ta?"

"Oga, ba ka san matarsa ba fa!"

Gaskiya ne ban san ta ba, amma a wurina ba wannan ce maganar ba. An rene mu a kan cewa magana zarar bunu ce, kuma ba a ambata wa mai rai mutuwa ko da wasa. Shi yana ganin waƙa ce kawai, ni kuma ina ganin mutum ne da igiya a ƙugu, kuma ni aka ba bakinta. Na ce masa ya ba ni lokaci, sauran takardar tana wani wuri a garin nan, zan nemo ta.

Wurin Kawu na fara komawa. Ya bar yanka ya dube ni kamar na tambaye shi ina hayaƙin jiya ya tafi.

"Yaro, kana da lafiya? Takardar makon jiya?"

"Kawu, ɗaya ɓangaren nake nema. Ƙila yana cikin ɗaurin."

"Ɗaurin ya ƙare tun Lahadi. Ya tafi da naman wani, ya ci ya sha ruwa. Ka bi gidaje ka tambaya."

Abokan aikinsa suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce a duba cikin tumbin saniya ko an dace. Na tambayi Kawu wa ke sayar masa da jaridun, ya ce wani ne mai kura da ke zuwa in ya ga dama. Na jira shi kwana biyu, ɗinkin mutane na zube a shago. Da ya zo ya ce shi daga ofisoshi da gidaje yake tarawa, wata jaridar ta bana, wata ta shekara biyar, shi nauyi yake dubawa ba rubutu ba.

Daga nan na tafi wurin mai sayar da jarida a bakin shataletale, inda 'yan karatun kyauta ke taruwa da safe suna gyara ƙasa da baki. Na miƙa musu takardar. Nan take suka rabu biyu a kan wace jarida ce, daga siffar haruffa suka koma musun ƙwallo saboda hoton da ke baya, har wani ya rantse ya gane ɗan wasan daga gwiwarsa. Awa guda na tsaya, ba wanda ya ko karanta labarin makiyayin. Na fizge takardata na tafi ina huci.

Na je laburare. Ma'aikacin mutumin kirki ne, ya kai ni wani ɗaki da jaridu suke ɗaure tun daga ƙasa har rufi, ya ce, "Wace jarida, wace rana?" Na ce ban sani ba. Ya ce to wace shekara? Na ce ita ma ban sani ba. Ya buɗe hannuwa ya ce ga su nan, Allah ya ba da sa'a. Yini uku na yi ina kwance ɗauri ina atishawa. Na karanta labarin gobara, na zaɓe, na tsadar taki, na ga gawarwakin labarai iri-iri, ban ga makiyayina ba.

Asabar ta zagayo, mai jita ya zo ya tarar da shago a rufe. Ta biyu ya same ni, idona ja.

"Ka rubuta?"

"Saura kaɗan in samo."

"Ba samo na ce ba. Ka rubuta?"

Na ce masa ya daina matsa mini, ba a dafa dutse da gaggawa. Ya ce shi dai ya san ba a fafe gora ranar tafiya, kuma Hausawa ne suka koya masa. Haushi ya ƙara kama ni don ya mayar mini da karin maganarmu, kuma ya faɗe ta daidai.

Kawu ne da ya ga na rame ya ce in bi shi kara ranar kasuwa, in dai maganar saniya ce da makiyayi, dillalan shanu ba abin da ke wuce su. Na ji daɗi, na ce yau za a yi ta ta ƙare. Muka zauna a rumfar wani dattijo, Kawu ya ba shi labarin. Dattijon ya shafa gemu ya ce, "Wanne daga ciki?" Na ce ban gane ba, Baba. Ya ce akwai wanda ya shiga bara da damina, bai fito ba. Wani da ke gefe ya ce a'a, na wajen su ya fito, saniyar ce ta tafi. Na uku ya ce shi wanda ya sani yara biyu ne, ba saniya a ciki. Kafin mu tashi an lissafa mini mutum shida ko bakwai, kowanne da kududdufinsa, wasu sun fito wasu ba su fito ba, kuma ba wanda zai rantse cewa nawa ne. Na fito daga kara jikina a mace. Na je neman ƙarshen labari ɗaya, na dawo da wasu da ban san inda zan ajiye su ba.

Ran Laraba muka haɗu a situdiyo. Ɗan ƙaramin ɗaki ne da aka manne bangonsa da kwalin ƙwai, janareta na ruri a waje. Mai jita bai tambaye ni komai ba, ina jin ya ɗauka na rubuta, ni kuma na kasa gaya masa. Na yi zaton in na tsaya gaban makirfo wani abu zai zo. Mai situdiyo ya ɗaga hannu, kiɗa ya tashi, na rera baiti uku da muryar da ban san ina da ita ba. Da muka iso na huɗu sai bakina ya rufe. Mai jita ya ci gaba da kaɗawa yana kallona, yana gyaɗa mini kai in shigo. Ban shigo ba. Ya ƙara ƙarfi, yana dukan igiyoyin kamar su suka yi masa laifi, sannan ya ɗora tafin hannu a kansu, ɗakin ya yi tsit.

"Mako uku," ya ce. "Mako uku, oga tela, layi ɗaya ba ka rubuta ba?"

"Ba zan yi ƙarya a kan ran mutum ba."

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Ka faɗi wani abu! Komai!"

Mai situdiyo ya ce mu yi haƙuri, a sake ɗauka, akwai sauran lokaci. Da na yi shiru a nan da an wuce wurin. Amma kunya ta riga ta rufe ni, ni kuma in na ji kunya faɗa nake yi. Na ce masa ya tafi Legas ɗin, can ne ake sayar da ƙarya da kiɗa, dama don kansa yake yi, yana neman kaset ɗin da zai nuna wa sababbin iyayen gidansa. Ya sauke jitar daga jikinsa.

"Shekara biyu ina zuwa unguwarku," ya ce. "Duk Asabar mamana yana addu'a har in dawo gida. Don kaina?"

Ya saka jitar a akwati, ya gaida mai situdiyo, ya fita. Ban bi shi ba. Na tsaya ina gaya wa kaina ni ke da gaskiya, har na isa gida ina maimaitawa.

Kwana biyu ina fushi da kowa. Na ɓata wuyan rigar wani, na yi wa mai shayi tsawa ba dalili. Ran Juma'a da hantsi Inna na tsince shinkafa, ta ce in zauna in gaya mata abin da ke cina, don ta gaji da ganin fuskata kamar hadarin Agusta. Na ba ta labarin tun daga takardar har situdiyo, ina jiran ta ce na kyauta. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kai da ba ka sani ba, me ya hana ka ce ba ka sani ba?"

"Inna, a waƙa?"

"To waƙar haramun ce a faɗi gaskiya a cikinta? Su waɗanda ke jan igiyar sun sani ne a lokacin?"

Na zauna kamar an kwaɗa mini mari. Mako uku ina yawon Jos, abin yana tsakar gidanmu a bakin matar da ban taɓa tunanin in tambaya ba. Na shiga ɗaki, kafin a kira sallar Juma'a na gama baitin, layi shida. Ya fara da cewa:

Muna ja, muna ja, tafin hannu ya saɓule,
Ban san me ke bakin igiyar ba, wuƙa ta riga ni.

Ana idar da salla na hau acaɓa zuwa Tudun Wada. Sai a kan hanya na tuna ban taɓa zuwa gidansu ba. Shekara biyu shi ke zuwa, ni ko sau ɗaya ban rama ba, kuma ban taɓa lura ba sai ranar. Da tambaya na gano gidan, kowa ya san mai jita. Wata dattijuwa na wanki a ƙofar gida, na gaishe ta na faɗi wanda nake nema. Ta share hannu a zaninta ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne tela?"

"Ni ne, Mama."

"Ya tafi jiya da safe. Ya ce ba abin da zai jira."

Ba ta yi mini faɗa ba, har ruwa ta sa aka kawo mini, wannan ya fi faɗan ciwo. Na tambayi lambar waya, ta ce ba shi da ita tukuna, in ya samu zai aiko. Na koma sau biyu bayan haka, na farko ba labari, na biyu na tarar sun tashi daga gidan.

Mai situdiyo bai goge abin da muka ɗauka ba, ya juye mini a kaset, ya ce in na shirya in zo in ɗora baitin a kan kiɗan da ya rage, abu ne mai sauƙi. Na koma gida da murna, na saka kaset ɗin, na buɗe littafin awo ta baya, na jira baiti na uku ya wuce na shigo. Na gwada a hankali, na gwada da sauri har kalmomin na hawa kan juna. Baitin layi shida ne, kiɗan kuwa a tsakiyar layi na biyu yake tsayawa, daidai inda mai jita ya ɗora hannunsa a kan igiyoyin. Mai situdiyo ya ce zai iya kawo wani makaɗi ya ƙarasa, ko ya cike da fiyano, ba mai ganewa. Na ce masa ya bar shi, ni zan gane.